Hannun Kulu a Kan Maɓallin Dogo

Kulu tana tankaɗe a ƙofar madafa ta ji faɗuwar abu a ɗakin rediyo. Ƙarar ta yi nauyi, kamar an sauke buhun gero daga kan jaki. Ta ajiye rariya ta nufi ɗakin da gari a hannunta.

Malam Dogo, mijinta, yana kwance tsakanin tebur da bango, ƙafarsa ɗaya ta maƙale a kujera. Idonsa a buɗe yana kallonta, amma bakinsa ya karkace gefe guda, yawu na bin gemunsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam! Malam!"

Ya motsa leɓe, abin da ya fito ba magana ba ce. Ta ɗaga hannunsa na dama ta saki, ya faɗi kamar tsumma.

Ihunta ne ya shigo da Hussaina, matar ƙanen Dogo, wadda katanga ɗaya ta raba gidajensu. Ta shigo da ludayi a hannu, tana ganin Dogo ta yar da ludayin.

"Yaya Kulu, mi ya same shi?"

"Ban sani ba. Yanzu ya sha kunu ya shigo nan."

"Hawan jinin nan ne. Haka ya yi wa baffana. Wallahi in ba a kai shi Gusau yau ba..." Ta kama bakinta.

Suka ja shi kan tabarma, suka tokare kansa da matashi. Hussaina ta zaro waya daga ƙugunta ta danna, sannan ta tuna, ta yi tsaki ta mayar. Sati na uku ke nan da aka rufe layukan waya a duk Zamfara saboda 'yan bindiga. Babu wayar da ke shiga ko fita a Karakkai. Mai ya yi wuya, motar Anas direba tana fake ƙarƙashin rumfa tun ranar kasuwa, tankinta a bushe. Maza kuwa duk suna gona, har da mijin Hussaina.

Suna tsaye cirko-cirko sai rediyon da ke kan tebur ya fara ƙara, gajeren kuka da mai tsawo, a jere.

Dogo tsohon ma'aikacin gidan waya ne, tun zamanin da ake aika saƙo da bugu. Da ya ajiye aiki bai ajiye bugun ba. Ya samo lasisi, ya sayi rediyo mai aikawa, ya ja eriya daga darbejiyar ƙofar gida zuwa kukar bayan katanga, ya haɗa da batirin mota. Kullum ƙarfe goma na hantsi yakan zauna ya yi hira da abokan aikinsa biyu, Alhaji Tajuddeen a Gusau da Malam Haruna a Tsafe. Ba da baki suke yi ba, da wani ɗan ƙarfe mai baƙin kai da suke kira maɓalli. In ka danna ka saki gajere ke nan, in ka riƙe kaɗan mai tsawo, kowane harafi da nasa jeri. Abin magana na rediyon ya lalace shekara goma da suka wuce, Dogo bai gyara ba, ya ce surutu na 'yan kasuwa ne.

"Kashe wanga abu, yana ƙara mini tashin hankali," in ji Hussaina.

Kulu ta ce, "Alhaji Tajuddeen ne. Yana cewa ina Dogo, ko barci ya koma."

Hussaina ta juyo a hankali. "Ke kin ji haka? Cikin wanga kukan tsuntsu?"

Kulu ta gyaɗa kai. Aji uku ta yi a firamare, ta dai san baƙaƙe. A shekarun farko na aurensu, a Gusau, Dogo ya koya mata bugun da cokali a kan faranti, don wasa. Daga baya 'ya'ya suka zo, wasan ya wuce, amma kunnenta bai daina ji ba. Shekara talatin da huɗu tana sauraron hirarsu ta taga, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ba ta kuma taɓa ɗora yatsa a kan maɓallin ba.

Alhaji Tajuddeen yana da mota. Da wannan tunanin ta ɗaga kujerar ta zauna.

Ta danna maɓalli. Allurar da ke jikin akwatin saitin eriya ta yi tsalle ta faɗa cikin ja. Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Ta sha jin Dogo yana faɗa wa kansa cewa in allura tana cikin ja, saƙo ba ya fita, komawa yake yi ya ƙona rediyon. An yi ruwa da asuba, eriya da rassan darbejiya duk a jiƙe, saitin jiya ya tashi. Akwatin yana da marfi biyu na murɗawa. Ta murɗa na hagu, ta danna, allura ta ƙara hawa. Ta mayar, ta wuce inda ta same shi kaɗan, ta danna. Allura ta ɗan sauko. Ta koma na dama. Gumi na zubo mata a ido, gari ya ɓata marafan fari fat. A karo na shida allurar ta kwanta.

Ta fara bugawa, harafi ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa ta tuno.

"Malam ya faɗi. Zo da mota. Asibiti."

Ta kasa kunne. Sannan amsa ta zo da gudu kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, ba ta kama komai ba. Ta buga: "A hankali." Aka maimaita a hankali, tana ji tana faɗa wa Hussaina da baki.

"Ya ce, wannan ba hannun Dogo ba ne. Wane ne?"

"To gaya mai mana!"

"Kulu ce, matarsa," ta buga.

Wani bugu ya shigo, mai kauri, mai jan ƙafa. Ta san shi, na Malam Haruna ne na Tsafe.

"Tajuddeen, kada ka motsa. Matar Dogo ba ta iya bugu ba. Ɓarayi sun shiga gidan, sun samo wanda ya iya. Tarko ne."

Kulu ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Masu bugu suna gane junansu da hannu, kamar yadda ake gane tafiyar mutum tun bai shigo zaure ba, ita kuwa hannunta baƙo ne gare su. Kuma ba ta ga laifin Haruna ba. Bara da saƙon ƙarya aka fitar da ɗansa daga gida, sai da ya yi wata biyu a daji.

Da ta faɗa wa Hussaina, sai ta buga ƙirji. "Mu ne ɓarayin? Ni da ludayina? Ce mai Hussaina ta ce Allah ya isa!"

Kulu ta buga: "Wallahi ni ce. Bakinsa ya karkace. Hannu ya mutu."

An ɗan jima kafin Tajuddeen ya dawo.

"In ke ce matarsa, bugo sunansa na yanka."

Yatsanta ya tsaya a kan maɓalli.

Kowa Dogo yake ce masa, daga Bungudu har Gusau. Sunan da aka raɗa masa ta san shi kamar yadda ta san tafin hannunta, amma tun ranar da aka kawo ta gidansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko jikan maƙwabta da ya ci sunan, Ɗan Malam take ce masa. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Mace ba ta kama sunan mijinta. Ga shi kuma kwance a bayanta, idonsa biyu, kunnensa ya fi na kowa sanin bugu.

"Mi ya ce?"

"Sunan Malam yake so."

"To ba shi! Ga shi can ma rubuce ga takardar bango!" Hussaina ta nuna lasisin da ke rataye cikin gilashi.

Kulu ta sa niyyar bugawa. Harafin farko ya fita daidai, amma abin da hannunta ya ƙarasa shi ne "Malam".

"Ba wannan ba. Sunansa," in ji Tajuddeen.

Ta waiwaya ta dubi Dogo. Yana kallonta. Ta sunkuyar da kai ta buga: "Maigida."

"Suna nake tambaya."

"Maigida," ta sake bugawa, hawaye na ɗiga a kan tebur.

Daga nan rediyon ya yi tsit, sai shuuu na iska.

"Kin ba shi?" in ji Hussaina.

Kulu ta girgiza kai.

"La ilaha illallahu! Yaya Kulu, kunya za ki ci ko rai? Mutum na mutuwa kina mai amarci! In ni na iya wanga abu da tuni na bugo sunan har da na kakansa!"

Maganar ta shige ta. Ta juya wa Dogo baya sosai, ta rufe ido, ta buga shi duka, Muhammad Sani. Ta sake. Ta sake. Tana ƙirgawa har ta kai tara, kowane ɗaya kamar tana tuɓe zane a tsakiyar kasuwa.

Wanda ya amsa Haruna ne.

"Na ji. Wannan kowa na iya karanta shi a bango. Tajuddeen, ka ji ko? Kada ka je."

Kulu ta koma kan Tajuddeen. Ta kira shi har yatsanta ya sage, babu amsa.

Ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da Dogo. Ba ta iya kallon fuskarsa ba, sai ta kama goge masa gemu da bakin mayafi. Ta ƙi faɗin sunan, an yi shiru. Ta faɗa, an ce ƙarya ce. Ta rasa wanne ne a ciki zai kashe mata miji. Hussaina ta fita da gudu neman mai amalanke, ta dawo ba ta samu ba, ta tara mata uku suna ta salati a tsakar gida. Inuwar darbejiya ta janye daga ƙofa ta koma gindinta. Numfashin Dogo ya fara yin ƙara.

Ana gab da kiran azahar aka ji ƙugin mota, sannan sallama da ƙarfi. Alhaji Tajuddeen ya shigo ba hula, takalminsa ƙafa ɗaya na fita ne, ɗaya na banɗaki. Kulu ta miƙe ta ba shi hanya.

"Subhanallahi, Dogo! Kai da ka ce sai ka binne mu duka? Ku kama ƙafafun, ku kama!"

Da su da matan suka ɗauke shi a tabarma zuwa mota. Kulu ta shiga baya ta ɗora kansa a cinyarta, Hussaina ta matsu a gefenta. Sai da suka hau kwalta Alhaji ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Kulu, ashe ke ce da gaske. Shekara nawa kina jin gulmarmu?"

Ta rufe fuska da mayafi.

"Ki yafe mini, ban ba ki amsa ba. Da na ji Maigida karo na biyu, ko rediyon ban kashe ba na fita neman mai. Na ce duk duniya babu ɓarawon da zai tsaya yana jin kunyar Dogo. Ni da na yi tambayar ma wauta na yi, sunan yana nan rataye a bango. Wallahi da sunan aka bugo mini, da ban tako Karakkai ba."

Hussaina ta buɗe baki. Kulu ta taka mata ƙafa da ƙarfi, ta rufe.

A asibitin Gusau aka shige da Dogo a kan gadon turawa, aka bar su a baranda. La'asar ta yi kafin wata likita ta fito tana tambayar iyalinsa. Ta ce jinin ya sauka, zai rayu in Allah ya so, amma hannun da bakin sai a hankali, kuma da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban.

Alhaji ya ɗaga hannu yana hamdala, Hussaina ta fashe da kukan da ta riƙe tun safe. Kulu ta zauna a siminti. Abin da ke kanta shi ne tsakanin Maigida na biyu da sunan da ta buga ko minti biyu ba a yi ba. Da Alhaji ya tsaya neman hularsa, da ya ji sunan, da kuma bai zo ba.

"Tashi mu shiga, an ce mutum ɗaya-ɗaya," in ji Hussaina tana share ido.

"Fara shiga," Kulu ta ce. "Ban iya haɗa ido da Malam tukuna."