Bature a Gonar Riɗi

Wada yana cikin jan tamfol zuwa gindin hilla ta farko sai ya hango ƙura daga hanyar Simsim. Motoci biyu ne, boksi fari, wato a-kori-kura, a gaba, wata doguwa mai baƙin gilashi a bayansa. Ya zaci mashru'i za su, babbar gonar nan da taraktoci ke nomawa har ƙarshen gani. Sai ya ga sun karyo kwana sun tsaya a bakin 'yar gonar mahaifiyarsa.

Riɗin ya bushe ƙayau. Tun da aka yanke shi aka ɗaure dami-dami, aka jingina dammunan a tsaye kawunansu sama, kowane tari ana ce masa hilla. Yanzu kwansunan duk sun buɗe baki, tsayuwar nan kaɗai ke riƙe da ƙwayar a ciki. Aikin Wada na yau shi ne ya shimfiɗa tamfol, ya ɗauki dami a hankali, ya kifa shi a kai, ya kakkaɓe. Mahaifiyar tasa, Inna Maiturare, ita kaɗai ta nome gonar nan da hannu tun rasuwar mijinta, kuma da riɗin nan za a sayi dawar da gidan zai ci har wata damina.

Wani mutum mai farar riga da tabarau ya fito ya yi sallama da Larabci, ya tambayi sunansa. Da ya ji Wada sai ya juya harshe zuwa Hausa.

"Ashe ɗan gida ne. Ni Lawal, a Hawata aka haife ni. Tafinta nake yi wa mutanen nan."

Mutanen 'yan China ne, sun fara sauke akwatuna da sanduna. Shugabarsu wata 'yar siririyar mace ce da ta rufe fuska saboda rana, Lawal ya ce sunanta Madam Lin. Kamfaninsu yana sayen riɗi a kasuwar Gadarif, nan gabashin Sudan, yana matse mai a ƙasarsu. Talla suka zo ɗauka wadda za a nuna a talabijin ɗin can.

"Mashru'i sun riga sun kakkaɓe nasu," in ji Lawal. "Naku kaɗai muka gani a tsaye. Kuma Madam ta ce tsawonka ya yi daidai. Za ka tsaya gaban kyamara?"

Wada ya saki tamfol. Tun da ya bar makaranta ya yi yaron mota a layin Fau, ya yi shafa giris a bayan tarakta, ya sayar da katin waya, babu wanda ya zauna masa. Wurin da yake iya zama shiru shi ne gidan kallo a Gadarif, inda yake kallon mutane suna tafiya a titunan da babu taɓo.

"Ma fi mushkila, Ustaz, ba matsala," ya ce. "Zan tsaya."

Aka ba shi riga mai gida-gida, da wandon jins, da takalmi mai tsini, da jan ƙyalle na ɗaurawa a wuya, da wata malafa mai faɗi ta fata. Wasu suka kafa farin shingen katako a gaban hilloli, wanda bai kange komai ba. Suka jingina gita a jikinsa. Suka miƙa wa Wada wani dogon ƙarfe mai yatsu irin na ɗibar ciyawa.

"Ustaz, haka gonakin China suke?"

Lawal ya yi dariya, ya kunna sigari. "Ko kusa. Wannan Amurka ce. Ita ma ba ta gaske ba, wadda suke gani a fim. Ka je birninsu ka ga abu. Amarya da ango ba su san hanyar coci ba, amma sai sun sa farar riga da kwat sun yi hoto a gaban coci, cocin ma na hoto aka gina shi, cikinsa shagon shayi ne. Akwai unguwar da aka gina sak wani garin Faransa. Littattafan soyayya da 'yan ajinmu a can ke karantawa a waya, saurayin sai ya dawo daga Landan yana shan gahawa ba sukari. A wani littafin kuma Baturen ne mugu, a shafi na gaba jarumin yana sanye da agogonsa."

"To su ba su da nasu?"

"Suna da shi, har ya fi na kowa tsufa. Amma man da aka ga gonar Bature a jikin kwalbarsa ya fi shiga kasuwa." Ya busa hayaƙi. "Ni kaina da nake karatu a can, wani gidan rawa ya ɗauke ni in tsaya a ƙofa da hula a karkace. Ba'amurke nake a wurin. In na ce Sudan sai mai gidan ya ce in yi shiru."

Madam Lin ta leƙa cikin kyamara, ta nuna ƙasa, ta yi magana da sauri.

"Ta ce a ɗauke shuɗin tamfol ɗin nan, yana ɓata hoto."

"Ustaz, riɗin ya bushe. In aka taɓa shi babu shimfiɗa, zubewa zai yi."

"Wa zai taɓa? Tsayawa kawai za a yi a gefe."

Wada ya dubi ƙasa. Baƙar ƙasar Gadarif ce, tun da ruwa ya ɗauke ta dare gida-gida, wata tsagar hannu yana shiga har gwiwar hannu. Ya dubi kyamarar da ke kallonsa. Shi da kansa ya naɗe tamfol ɗin, ya kai shi bayan boksi.

Suka yi ta tsayar da shi. Matsa nan, juya can, ɗaga haɓa. Wani yana auna tazara daga hancinsa zuwa kyamara, wani yana haska masa farin allo a fuska. Takalmin ya matse masa yatsu, gumi yana bin bayansa, amma bai motsa ba. Yana tunanin 'yan gidan kallo, da abin da za su ce.

Bayan azahar wata mota ta iso daga wajen Fau. Wani Bature ya fito, ja jawur, da tumbi da gemu ruwan toka. Wada ya san shi da gani, matuƙin jirgin feshi ne da ake ce wa Kyaftin, mutumin Bulgariya. Madam Lin ta cire abin da ta rufe fuska da shi ta tare shi da murmushi.

Lawal ya matso yana sosa ƙeya. "Wada, cire kayan a ba shi."

"A ba wa?"

"Kyaftin. Shi ne manomin. Kai an gwada haske ne da kai kafin ya iso, tsawonku ɗaya."

"Wannan ko lauje bai taɓa riƙewa ba."

"Masu sayen mai a can ba lauje za su duba ba." Ya rage murya. "Madam ta ce in an gama da shi za a ɗauke ka kai ma. Ka yi haƙuri ka taimaka."

Wada ya tuɓe a bayan mota, ya mai da tsohuwar jallabiyarsa. Rigar ba ta rufe wa Kyaftin tumbi ba, sai aka tsaga bayanta aka ɗaure da igiya. Ya tsaya inda Wada ya tsaya yana cewa, "Kwayyis, kwayyis," wato ya yi kyau. Aka ce ya yi kamar yana aiki. Sai ya soka ƙarfen nan cikin hilla, ya ɗaga dami sama ya girgiza.

Riɗi ya zubo. Rana ta riga ta karkata, hasken ya ratsa ƙwayar tana sauka a kan malafarsa da kafaɗunsa kamar ruwan zinariya. Madam Lin ta dafe ƙirji, ta yi wata 'yar ƙara, ta hau tafi.

"Ta ce abin da take nema ke nan," in ji Lawal. "A sake."

"Ustaz, ƙasa yake shiga."

"Dami biyu ko uku ne. Miƙo masa, kada hasken ya wuce. Kana so a zo kanka, ko ba ka so?"

Wada ya juya. Ya je ya ɗauko dami, ya durƙusa inda kyamara ba ta gani, ya miƙa. Kyaftin ya ɗaga ya girgiza. Aka ce bai yi dariya ba, a sake. Aka ce iska ta kaɗa ƙyallen, a sake. Aka ce a gwada daga hagu. Hilla ta farko ta ƙare, aka matsa da shingen zuwa ta gaba. Duk damin da Wada ya cira yana jin ƙwayar tana tsiyaya a hanya, wadda ta rage kuma tana sauka da wani sauti shaaa, sannan ta ɓace cikin tsaga. Kowane karo sai ya ce a ransa wannan ne na ƙarshe, daga shi sai nasa. Da ya ɗago ya duba, abin da ya rage a tsaye bai kai rabin rabi ba.

A lokacin ne Inna Maiturare ta iso da tire a kai. An gaya mata a ƙauye cewa baƙi sun sauka a gonarta, shi ya sa ta dafa jabana, gahawar mutanen nan, ta soya zalabiya, ƙosan fulawa. Ta tsaya a bakin gona. Ta dubi karan riɗi warwatse, ta dubi Baturen, ta dubi ɗanta a durƙushe da dami a hannu. Ta sauke tiren, ta zuba gahawa a ƙananan kofuna, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Madam Lin ta karɓa da hannu biyu tana sunkuyar da kai. Kyaftin ya ci zalabiya har da lashe yatsu.

Sai da kowa ya sha sannan ta juya ga Lawal.

"Ɗana, wa ya ba ku gonar?"

"Haja, mun riga mun sallami wakilin mashru'i tun jiya. Ya ce duk abin da ido ya gani daga hanya nasu ne."

"Mashru'i a wancan kwalbatin ya tsaya. Nan kakan yaron nan ya sare da gatari, yana kan hanyar Makka."

Lawal ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ma'alesh, Haja, a yi haƙuri. Zan yi wa wakili magana."

"Ka taɓa jin abu ya shiga hannun wakili ya fito?"

Lawal ya mai da tabarau fuskarsa. Madam Lin ta dubi sama ta yi magana, mutanenta suka hau tsige shinge.

Wada ya miƙe. "Ustaz, nawa fa?"

"Ta ce haske ya tafi." Lawal bai dube shi ba. Ya juyo da ɗan allon kyamara. "Amma zo ka gani, ya yi kyau wallahi."

Ya yi kyau kuwa. Bature yana dariya a bayan farin shinge, zinariya tana zubo masa, sararin sama ja. Babu ƙauye, babu tsaga, babu abin da zai ce maka nan Gadarif ce.

Motocin suka tafi. Wada ya jira faɗa, ya jira kuka, bai samu ko ɗaya ba. Inna ta tattara kofunanta, ta karyo reshen geza ta miƙa masa.

"Share abin da ya tsaya a sama, kafin tururuwa su riga ka. Ni zan kakkaɓe sauran."

Ya durƙusa ya fara shara. Abin da ke taruwa rabinsa ƙasa ce. A gabansa wata tsaga ta buɗe baki, can ciki yana hango farin riɗi a kwance, ya taru kamar a mudu. Ya zura hannu har kafaɗa, kuncinsa a kan ƙasa mai zafi. Kan yatsarsa ta tsakiya yana taɓa shi, amma yatsun ba su da wurin da za su dunƙule.