Hancinta da Hannuna

Ni a gidanmu muƙamina mai wankin kwalba. Tun da na ajiye tuƙin motar kamfani matata ta ɗauke ni aiki, ba ta ko nemi shawarata ba. Man shafawa take haɗawa, shekara ashirin da wani abu ke nan, yanzu a ɗakin da yara suka girma suka bar mana. Ni nake dafa kwalabe, in kife su su bushe, in goge murafe da sifirit, in manna takarda. Manaja nake ce mata. Da tsokana na fara, yanzu har jikoki sun ɗauka sunanta ke nan.

Iri biyu take yi. Akwai mai tauri, na man kaɗe da man kwakwa da kakin zuma. Wannan babu ruwa a cikinsa, sai ya yi watanni bai ce komai ba. Akwai kuma mai laushi, fari tas, wanda take kaɗawa da ruwan alobera har ya tashi, shi mata ke rububi. A cikinsa take ɗiba ta zuba farar hodar zinki, ta yi wa masu wuni a rana na kare fata. To mai laushin nan shi ne ɗan rigima, don duk man da ruwa ya shiga, ƙwayoyin cuta sun sami gidan zama.

Autarmu, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ta yi magana har ta gaji.

"Umma, ki riƙa ɗiga sinadarin hana lalacewa. Ɗan kaɗan ne, a sikeli ake aunawa."

"Ban shafa wa mutane sinadari ina da ƙuruciya ba, sai yanzu? Ina da hanci."

Kuma gaskiya Allah ya ba ta hanci. Kullum da safe sai ta buɗe kwalba ɗaya daga kowane haɗi, ta lumshe ido, ta shaƙa. Ta ce, "Wannan saura kwana biyu." Ko ta ce, "Malam, zubar da wannan." Ni in shinshina in ji ƙamshi kawai, amma in aka bar shi zuwa jibi, sai ka ga fumfuna ta fito a bakin murfi.

Sai ta kwanta zazzaɓi da mura, mako biyu cur. Ta warke, ta koma ɗakin aiki. Wata safiya ta buɗe kwalba, ta lumshe ido kamar kullum, ta ce, "Lafiya lau. Jera su, an jima za a zo ɗauka." Ni kuwa ina can ƙarshen tebur, amma tsamin ya iso ni, irin na tsumman da aka manta a jiƙe.

Ta yaya zan ce wa matar nan hancinta ya tafi? Hancin da ta yi wa yara biyar karatu da shi? Na ɗauki faranti mai kwalba goma sha biyu, na kai bakin ƙofa, na sake shi.

Ranar na sha faɗa. Ta ce shekara talatin na riƙe sitiyari ban taɓa buge ko kaza ba, amma faranti ya gagare ni. Na sunkuyar da kai ina share gilas, raina fari ƙal.

Daga nan na zama ɗan leƙen asiri a gidana. In ta shiga wanka, sai in bi kwalabe ina shinshinawa kamar ɓera. Bayan mako uku na kama wani haɗin ya fara juyawa, na ture shi da gwiwar hannu. Wannan karon faɗan bai yi tsawo ba. Na uku kuwa, da na bari ya suɓuce mini a tsakar ɗaki, sai kawai ta taso. Ta karɓe tsintsiya daga hannuna ta share da kanta.

Sai abubuwa suka fara canzawa. Shayina ya koma rabin kofi. Ta sayo robobi ta ce wai kwalba ta yi tsada. Tukunyar ruwan zafi ta hana ni saukewa. Ran nan ina saka maɓallin riga ta zo ta ture hannuna ta ƙarasa mini, abin da ba ta yi ba ko muna amarci. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, shi ke nan, an mayar da ni sakarai a gidana, ni da nake rufa mata asiri.

Wata Talata da hantsi sai ga Auta da mayafinta a kafaɗa, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, shirya. Na karɓar maka kati, za mu ga likita."

"Wa ya ce miki ba ni da lafiya?"

"Umma ta ce hannunka yana saki."

Na waiga, Manaja ta duƙufa kan goge tebur da yake a goge. Na sa hulata na bi yarinya, don ban ga hanyar kuɓuta ba.

A kan bencin asibiti, saura mutum biyu a kira ni, na ga abin zai kai ga allura. Na ce, "Auta, matso." Na kwashe komai na faɗa mata. Na zaci za ta yi dariya, ko ta yaba mini. Yarinyar da na goya a wuya ta dube ni kamar ta kama ni da sata.

"Baba, waɗanda ba ka ji warinsu ba fa?"

"Ai waɗannan lafiyarsu ƙalau."

"Wa ya ce? Kafin mai ya yi wari, ƙwayoyin sun daɗe a ciki. Ko lokacin da hancin Umma yake da kyau, a ƙarshe take kama su. Akwai masu shafa wa jarirai. Akwai masu faso, fata a buɗe. Na rana ma da take yi, ido ba ya gane ko yana karewa, sai an kai an gwada." Ta gyara mayafinta. "Ka san dalilin da ya sa na ɗauki hutu yau? Mako biyu ke nan Umma tana kirana tana kuka. Ta ce haka mahaifinta ya fara kafin jikinsa ya shanye."

Wallahi ban sani ba. Ina ta lissafin kwalba, ban lissafa wannan ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

"Ni zan faɗa mata," in ji Auta.

"A'a. Ni na ɓata, ni zan gyara. Ki dai kawo sinadarin naki da sikelin."

Na dawo bayan azahar na same ta a ɗakin aiki. Ta narkar da kaki, ma'aunin zafi yana tsaye a cikin kwano, amma ba shi take kallo ba, ƙofa take kallo.

"Me likita ya ce?"

"Ban shiga ba."

"Malam, kai yaro ne?"

"Kashe wutar nan, Manaja. Zauna."

Ta kashe, ta zauna a kujerar da nake manna takarda. Na jawo bokiti na kife na zauna a gabanta. Na shirya magana mai daɗi tun a mota, amma duk ta gudu.

"Da gangan na fasa su. Duka ukun. Sun yi tsami, ke kuma kin ce lafiya lau."

Kakin yana ɗan ƙara a cikin kwano yana hucewa. Na jira ta tashi ta fita, ko ta ce ƙarya nake yi. Na san in ta rufe ɗakin nan yau, ba za ta ƙara buɗe shi ba, kuma ni ne sila.

"Tun ranar da na tashi daga zazzaɓin," ta ce a hankali. "Ko albasa ba na ji. Kullum sai in ce gobe zai dawo. Na rage kwanakin da nake rubutawa a jikin takarda daga goma zuwa bakwai, na ce hakan zai isa." Ta goge ido da bakin zane. "Na ji tsoron in na faɗa, za a ce tsohuwa ta gama."

"Auta ta ce bakwai ɗin ma ba tabbas. Za ta kawo sinadarin, ta nuna miki awo. Ta ce na rana a dakata da shi sai an gwada. Waɗanda suka fita makon nan kuma a kira masu su, a karɓo."

"A karɓo," ta ce. "Ni zan kira su da bakina."

Na sauke ajiyar zuciya, na yunƙura zan tashi. Ta riƙe mini gefen riga.

"Miƙo hannunka."

"Na ce miki da gangan ne."

"Na ji. Miƙo."

Na miƙa su biyu, tafi a ƙasa, kamar ɗan makaranta ranar duba farce. Ta sunkuya tana kallonsu. Ta ɗauko cokalin awo ta cika shi da ruwa taf, ta ɗora mini a bayan hannun dama, ta saki. Muka zauna mu biyu, tsofaffi, muna kallon cokali. Minti ya wuce, ko ɗigo bai zuba ba.

Ta ɗauke cokalin ta ajiye. Ta kama hannun da nata biyu ta kifa goshinta a kai, kafaɗunta suna girgiza. Na ji ɗumin hawayenta yana bin tsakanin yatsuna.

"Hancin ya tafi in zai tafi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni na ɗauka kai ne za ka tafi."