Huɗu Cikin Goma

Ma'aikaciyar jinya na gyara bandejin kan Orval Petryk lokacin da matarsa Darlene ta turo ƙofa da kofi biyu a hannu, dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗarta. Shekara biyar ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta sake shi, amma ta bar masa wuta a hannun hagu, wutar da ko hannun riga ya goge ta sai hawaye ya zubo masa.

Yau kwana bakwai da aka huda ƙoƙon kansa a wannan asibiti na Winnipeg, aka zura wayoyi biyu sirara cikin ƙwaƙwalwarsa, suka fito ta bayan kunne zuwa wani ɗan akwati mai tura lantarki don rage ciwon. Gwaji ne, kuma sharaɗinsa ɗaya. In ciwon ya ragu da rabi, a dasa masa batir a ƙirji, abin ya zauna. In bai ragu ba, a zare wayoyin a sallame shi. Ƙwayoyi da allurai kuwa tuni suka gaza, babu sauran abin gwadawa.

A ma'aunin zafin ciwo, da tara cikin goma ya zo. Yau, in zai faɗi tsakaninsa da Allah, takwas ne.

"Tsoho, ka san jiya har minshari ka yi?" in ji Darlene. "Rabona da jin wannan tsohuwar tarakta taka har na manta."

"Au, kewarta kike yi?"

"Ni? Rufa min asiri!"

Dariya take yi, amma idonta na kan bakinsa. Matar da ta bar aikinta a gidan burodi don jinyarsa, ta kwana bakwai a kan kujerar roba. Tausayinta ya cika shi, tsoro kuma ya fi tausayin yawa.

Likita Sandhu ta shigo, ta ja kujera ta zauna gabansa.

"Mista Petryk, yau ce ranar. Kada ka faɗi abin da zai faranta min rai, gaskiya nake so. Nawa?"

Ya san amsar. Ya kuma san abin da ke bayanta: a zare, a koma gida Dauphin, kujerar nan ta bakin taga har ƙarshen rayuwa. Takwas ai ba tara ba ce, wa ya sani ko nan gaba ta ƙara sauka? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

"Huɗu," ya ce.

"Huɗu? Ka tabbata?"

"Wani lokaci biyar." Ya ƙara wannan ne don ƙaryar ta zauna da gindinta.

Likita ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta rubuta. "To, Alhamis za mu dasa batirin."

Tana fita Darlene ta fashe da kuka, ta kira ƙanwarta a waya. "Ya yi aiki, Noreen! Ki gaya wa kowa, ya yi aiki!"

Sai a lokacin Orval ya gane abin da ya saya. Da can ko ba komai yana da 'yancin yin nishi a gidansa. Yanzu wannan 'yancin ma ya tafi.

Darlene ta share ido, ta zagayo ta hagunsa, ta zauna a bakin gado. A hankali ta ɗora tafinta a kan hannun, ta sarƙe yatsunta cikin nasa. Wutar ta tashi har cikin haƙoransa.

"Da zafi?"

"A'a," ya ce.

Ta ƙara matsewa.