Sha Ɗaya da Sha Biyu

Mu goma sha biyu ne muka hau dutsen, ban da jagorarmu, wata 'yar siririya da ba ta kai babbar 'yata shekaru ba. Tun a gindin dutsen ta jera mu ta ba kowa lamba. Ta ce can sama hazo yana rufe hanya har mutum ba ya ganin na gabansa, saboda haka duk sanda ta busa usur, kowa ya faɗi lambarsa da ƙarfi. In lamba ta yi shiru, na kusa da ita ne zai koma ya nemo mai ita.

Ni ne sha ɗaya. Sha biyu kuwa yayan matata ne, ɗan shekara sittin da bakwai, da ƙwayoyin ciwon zuciya a aljihun riga. Matata ta yarda ya zo ne don ina nan. Na buga ƙirji na ce ta bar min komai.

Bayan awa biyu ƙirjin nan yana ƙara kamar tsohon injin niƙa. Matakala ce ta dutse, duk santsi, ga igiya a hagu, a dama kuwa hazo ne fari fat, ban ma so in san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

"Akawu," in ji Yaya daga bayana, "bari in ɗaure takalmi. Ga ni nan."

"To, Yaya."

Ban tsaya ba. Na san ƙafafuna, in suka tsaya sai dai a kira mota. Na ƙara hawa matakala kusan sittin, sai usur ya tashi. Ɗaya, biyu, uku, har aka zo kaina na amsa. Shiru ya biyo baya. Na waiwaya na dubi gangaren da zan sauka in sake hawowa. Sai na yi gyaran murya, na ƙara mata kauri, na ce, "Sha biyu."

Na gaya wa kaina yanzu zai iso. Sau uku aka busa usur ɗin nan, sau uku ina zama mutum biyu. A na ukun har da ɗan tari na ƙara, irin na dattijai.

A wurin hutawa jagora ta ƙirga kawuna da yatsa. Ta sake ƙirgawa.

"Baba, ina abokin tafiyarka?"

Na ce yana baya kaɗan.

"Wa ya amsa masa?"

Mutum goma suna kallona, wata malamar asibiti da kwalbar ruwa a baki. Na duƙa ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Jagora ta juya ta fara sauka da gudu, na bi ta. Ƙafafun da suka ƙi matakala sittin suka cinye fiye da ɗari biyu ba gardama. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa matata, ban samu ko kalma ɗaya da za ta shiga baki ba.

Muka same shi zaune a kan dutse, ya riƙe igiya da hannu ɗaya, leɓɓansa sun bushe. Jiri ne ya ɗebe shi, ya sha ƙwayarsa ya zauna jira. Jagora ta durƙusa ta kama wuyan hannunsa tana duba agogo.

"Baba, ka san an yi ta amsa lambarka a sama?"

"Na ji," ya ce. "Ni na sa shi. Ban so in ɓata wa mutane tafiya ba."

Ta wanke shi tas, cikin ladabi. Ta ce da shekarunsa bai kamata ba, ta ce mutane sun mutu a kan abin da bai kai wannan ba. Dattijon ya sunkuyar da kai yana cewa, "Gaskiyarki, 'yata. A yi haƙuri." Ni ina tsaye a gefe riƙe da jakarsa.

Ta ce mu biyu hawanmu ya ƙare, mu sauka a hankali, za ta kira a tarye mu a hanya. Yaya ya dafa kafaɗata muka kama gangara. Da muka yi nisa sai ya kira ni.

"Akawu."

"Na'am, Yaya."

"Tarin nan da ka ƙara, ya yi yawa. Ni ba na tari haka."