Abin da Mage Take Gani ta Taga

"Ba za a sa wa 'yata gilashi ba. Na faɗa, na ƙara."

Anti ce, matar Yayana. Tana tsaye bakin ƙofar ɗakinta, ta dunƙule takardar da aka aiko daga makaranta.

Inna, mahaifiyarmu, ta ce, "To malamar ƙarya ta yi? Ta ce sai yarinya ta taso ta manna hanci a allo kafin ta kwafi rubutu."

"Ƙiriniya ce. Bara ai an gwada idonsu a makaranta, ta karanta har layin ƙasa."

"Jiya na aike ta ɗauko min allura a kan tebur, ta kawo min tsinken tsintsiya."

"Inna, ke ma ranar nan gishiri kika zuba a shayi."

"Ni shekarata nawa, ita nawa? Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah."

Ina zaune a matakala ina wanke burushi da kananzir. Ban sa baki ba. Tun da na gama sakandare na zauna a gida, ba mai tambayata ra'ayi, ni ma na daina bayarwa.

Yarinyar shekararta shida. Mage muke ce mata, saboda yadda take tsuke ido in tana kallon mutum. Tun tana 'yar uku muke wa abin dariya, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ɗaki biyu gare mu a bene, saman shagon mai walda. Tagar falo tana kallon babban titi. Ubanta, Yayana, ya tafi neman aiki can nesa, ya ce wata shida ne. Yanzu shekara biyu da rabi. Da yana kira duk mako, ya koma duk wata, daga baya lambar ta daina shiga.

Kullum wajen ƙarfe huɗu wani mutum yana wucewa a keke ta tsallaken titin, da farar riga da akwati a baya. Mage takan hau kujera ta ɗaga hannu, tana ihu, "Abba! Abba!" Shi ma ya ɗago mata hannu, ya wuce. Anti ta gaya mata aiki ne ya yi masa yawa, ba a barinsa ya tsaya. Mun ɗauka wasan yara ne, ko dai mun ga dama mun ɗauka haka. Na san mutumin. Burodi yake kai wa shaguna, ni na rubuta masa akwatin. Ya girmi Yaya da shekara ashirin, gemunsa duk furfura.

Sana'ata rubuta allon shaguna, Yaya ne ya koya min. Yakan ce kar ka ce ka gama allo sai ka tsallaka titi ka karanta shi. Don haka na san girman harafin da ake iya gani daga kowane nisa. Washegarin gardamar na sami guntun katako, na rubuta haruffa biyar, kowanne tsawon tafin hannu. Na jingine shi a ƙarshen baranda, na ƙirga taku goma, na tsayar da Mage.

"Karanta min."

Ta waiga hagu da dama. "Kawu, wa zai fara?"

"Ke kaɗai ce."

"A makaranta ni ce ta ƙarshe a layi. Sai kowa ya faɗa na ji, sannan ni ma in faɗa."

"To yau ba layi."

Ta tsuke ido har hancinta ya tattare. "Baƙin abu ne. Kamar tururuwa manya."

Na ce ta matso. Taku takwas, shiru. Shida, shiru. Sai a taku uku ta yi tsalle ta karanta su duka, tana jiran in yabe ta. Na yabe ta.

Na sami Anti a bayan gida tana shanya.

"Taku uku, Anti."

Ba ta juyo ba. Ta matse wata 'yar riga, ta yarfa ta. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ta fara ɗaga wa mutumin nan hannu."

Ruwa yana ɗiga daga igiya a kan ƙafarta.

Ta ce, "Minti ɗaya ne a rana. Shi kaɗai ya rage mata. Da shi take cin abinci, da shi take yarda ta yi wanka, wai kar Abba ya gan ta da datti. Kai kuma ka ce in kama hannunta in kai ta inda za a ƙwace mata shi?"

"Makaranta fa?"

"Sai ta zauna a gaba."

"Titi fa? Wata rana za ta sauka ta bi shi. Babur ba ya tsayawa a taku uku."

Ta riƙe igiyar da hannu biyu. Sannan ta ce, "Kai ma jininsu ne. Ba ku iya magana ba, in kun yi kuma sai ta yi ciwo."

A ranar, da ƙarfe huɗu, na tsaya bayan Mage. Da mai keken ya ɓullo, na tsuke idona kamar yadda take yi. Gemun ya ɓace. Sai kafaɗun, da farar rigar, da yadda ya sunkuyar da kai a kan keken. Yaya ne sak, yana dawowa daga aiki, fenti a gwiwar wandonsa. Har hannuna ya fara tashi. Ban buɗe idon ba sai da ya sha kwana.

Ranar Litinin Anti ta ɗaure wa Mage gashi, ta miƙo min ita. "Kai ka gano, kai za ka kai ta."

Likitan ido ya ɗora mata wani ƙaton ƙarfe a hanci, yana sa gilashi yana cirewa. Wannan ko wancan? Wancan ko wannan? Can sai ta juyo ta ƙura min ido, a buɗe, ba tsukewa.

"Kawu! Ashe fuskarka duk ƙuraje ce?"

Likitan ya yi dariya. Ya ce ba ƙaramin abu ba ne, da an ƙara jinkiri da idon hagun ya saba da rashin aiki. Ya ce mu dawo bayan mako guda.

Makon nan ba a yi faɗa a gidan ba. Kullum ƙarfe huɗu Anti takan bar abin da take yi ta zo ta tsaya gefen taga, tana kallon 'yarta, ba titi ba. Inna ma ta daina zancen allura.

Da muka karɓo gilashin, a ƙafa muka dawo don ta ƙi hawa mota. Duk allon da muka wuce sai ta tsaya ta karanta da ƙarfi. Mai aski, mai gyaran waya, mai sayar da taya. Na nuna mata waɗanda na rubuta. Na nuna mata wani tsoho, fentinsa ya fara ɓarewa, na ce wannan Abbanta ne ya rubuta shi. Ta karanta shi sau biyu.

Muka hau bene da ƙarfe huɗu saura kwata.

Ta ruga wajen Inna. "Tsohuwa, haƙoranki uku ne kawai a ƙasa!"

"Ja'ira. Da na sani da na bar ki da makantarki."

Anti ta durƙusa ta gyara mata igiyar gilashin a bayan kai, ta daɗe tana gyarawa. Ta dubi agogon bango. "Kawo in ajiye miki, kar ya fashe. Gobe sai ki fara sawa."

Inna ta ce a hankali, "Gobe ma akwai ƙarfe huɗu."

Anti ta sauke hannunta.

Mage ta jawo kujerarta zuwa taga. "Yau Abba zai ga gilashina." Ta hau, ta dafa ƙarfen tagar. Mu uku muna tsaye a bayanta, ba mai kallon wani. A ƙasa mai walda ya kashe injinsa.

Ya ɓullo daga kwana, da farar rigarsa. Tun kafin ya zo daidai gidan ya ɗago hannu, don ya saba. Hannun Mage ya tashi rabi, ya tsaya. Ba ta yi ihu ba. Ta bi shi da ido har ya wuce shagon mai taya, yana ta waiwaye.

Ta juyo, idanunta manya a bayan gilashin. Ta dubi uwarta, ta dubi Inna, sannan ni.

"Kawu, wane ne wannan a kan keken Abba?"