Ɗinkin Barunje

Mahauci da masunci ba sa gaisawa da daɗin baki. Wannan ya ce wa wancan mai ƙarni, wancan ya ce masa mai ƙuda, kuma ba a fushi, don wasa ne da aka tarar tun kaka da kakanni. A haka Lado barunje da Dalhatu masunci suka yi furfura a kasuwar Paraku. In Dalhatu ya kawo bandar kifi daga kogin Weme, ba ya sauke kwandunansa ko'ina sai daidai gaban teburin Lado, don kawai a yi ta.

A shekarun nan da Faransa ta tattara nata ta tafi, soja da farar hula suna ta ƙwacen kujera a Kutunu, sai aka wayi gari ba Dalhatu a kasuwa. Baƙo, shofer ɗin kamiyo, babbar motar kayan da ke bin hanyar Jugu, shi ya kawo labari. Ciwo ya buge Dalhatu yana cikin jirginsa, ɓarin dama ya shanye, 'yarsa Hajo ta ɗauke shi zuwa gidan mijinta a Jugu.

"Ba ciwon ne abin tsoro ba," in ji Baƙo. "Mutumin naka ya juya wa duniya baya. Ba ya ci, ba ya magana. In kana da abin faɗa masa, kar ka jira."

Lado ya bi kamiyon. Ya tarar da Dalhatu kwance a tabarma, fuska wajen bango, ya rame har wuya ya zama kamar na zabuwa. Ga kwanon fura a gefe, ba a taɓa ba.

"Sarkin ƙarni! Ashe kifayen Weme sun huta?"

Shiru.

"An ce tarwaɗa ce ta mare ka. Na ce ai alhaki ne."

Ko motsi. Hajo tana bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi. Tun da Lado yake bai taɓa jefa wa Dalhatu magana ta faɗi ƙasa ba. Sai ya kama abin da ya gani a hanya.

"Na ga jirginka a Beteru, a kife bakin gaɓa, rana ta tsaga shi kamar dugadugin Bafulatani. Itace ne mai kyau kuwa. Ni zan ɗauke shi in gyara."

Dalhatu ya juyo a hankali. Bakin ya karkace, maganar tana fita da ƙyar.

"Barunje... da jirgi?"

Hajo ta dafe ƙirji. "Baba Lado, wallahi tun da aka kawo shi ban ji muryarsa ba sai yau."

Da wasa Lado ya faɗa, amma yanzu ba damar janyewa. Baƙo ya ɗauko masa kwalekwalen har ƙofar gida a Zongo, mutane suka taru kallo. Na maɗaci ne, sassaƙa ɗaya, tsagar ta taso daga goshi ta bi ciki har kusan tsakiya, ana iya zura hannu. Matarsa Tambaya ta leƙo ta ce, "Malam, a tsakar gidan za mu riƙa su ko a rijiya?"

Lado bai taɓa riƙe gizago ba, ruwa kuwa iyakarsa na alwala da na wanka. Amma ya san abu ɗaya da ba mai koya masa, wato ƙirgi. Ya san in ka ɗaure abu da ɗanyar fatar sa ta bushe a kai, ƙarfe ma sai ya sallama mata. Sanyi ya shigo ke nan, lokacin da fata ke bushewa ba wari. Kullum in ya tashi daga mahauta sai ya tuɓe riga ya hau aiki. Ya gasa ƙusa a wuta ya huda gefe da gefen tsagar, ya yanka ƙirgi siri-siri, ya ɗinke da basilla kamar mai ɗinkin salka. Ya shimfiɗa wata fatar a kai ciki da waje. Da ta bushe sai tsagar ta haɗe bakinta, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙau. Ya san ruwa na jiƙa fata, ba yaro ba ne. Don haka ya narka kitsen tozo ya ɗura a kowace huda, ya shafe ɗinkin kaf. Da asuba in ya taɓa, kitsen ya daskare kamar dutse. Kitse da ruwa ai ba sa ga maciji.

Ranar wata kasuwar shanu ya biya ta Jugu ya ba Dalhatu labari, yana kwatantawa da hannu.

"Ƙirgi?" in ji Dalhatu. "Da kitse? Jirgi kake gyara ko kalangu?"

"Ka ji hassada."

"Kwalta ake sa wa... da tsumma. Wannan ba zai kai ka tsakiyar ruwa ba."

"Kwalta ai ta titin Nasara ce. Ku masunta abin da kuka tarar kawai kuka iya. Bari ka ga aikin masu hankali."

"Barunje, da gaske nake."

"Yaushe ka taɓa yin gaske? Shekara nawa kana cewa naman jaki nake sayarwa?"

Hajo tana ta dariya a tsakar gida, daɗi ya cika ta. Dalhatu ya zuba wa Lado ido, ya daɗe, sannan ya mai da kai kan matashi.

"To. In ka gama, ka kai ni in shiga."

Daga ranar ya fara shan fura. Baƙo na kawo labari yana cewa tsoho ya murmure, har ana zaunar da shi a zaure. Lado ya ji daɗi, amma wannan "to" ɗin ta tsaya masa a rai. Ya yi shekara da shekaru yana ciniki da Fulani, ya san in mai sa ya yi saurin sallamawa, akwai abin da ya sani game da san. Sai dai ya ture zancen, ya ƙara wa jirgin kitse.

Kafin a sa rana sanyi ya janye, zafi ya fara leƙowa. Aka shirya a haɗu a Beteru, tunda tana tsakani. Jirgin ya sha rana a bayan kamiyo tun hantsi, da suka tsaya sai Baƙo ya shafa katakon motar ya nuna wa Lado yatsa yana maiƙo.

"Patron, miyarka tana zuba."

"Rarar ce. Kama mu sauke."

Suka tura shi bakin ruwa. Ya zauna daram, ko ɗigo babu. Baƙo ya ja motarsa ya shiga gari sauke gishiri. Rani ya janye kogin, masunta sun bi ruwa sun yi kudu, ba kowa a mashigin sai su. Ƙasa kaɗan da wurin akwai gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa, ruwansa baƙi wuluk.

Dalhatu ya zo cikin farar rigarsa ta Juma'a, an yi masa aski. Lado da Hajo suka ciccibe shi suka zaunar a ƙarshen jirgin, suka ajiye masa filafilin tuƙi a cinya. Ya shafa ɗinkin da hannun hagu, ya murza yatsunsa.

"Hajo, ƙwaryata tana cikin kaya can sama. Ɗauko mini."

Ta hau gaɓa.

"Ni kaɗai zan shiga," ya ce wa Lado. "Nauyinka ya yi yawa. Nan gefe-gefe zan ɗan zaga. Tura ni."

Lado ya naɗe wando ya tura. Jirgin ya saki yashi, ya fara tafiya. Sai Dalhatu ya waiwayo.

"Lado. Duk abin da na taɓa faɗa maka, ka yafe mini."

Nan take Lado ya gane. Abokin wasa ba ya neman gafara, ba abin yafewa a tsakani. Kuma tun da suke, Dalhatu bai taɓa kiransa da sunansa ba. Farar riga, aski, an aiki yarinya. Bai tsaya tunani ba. Ya faɗa ruwa har ƙirji, ya cafki gefen jirgin, ya mirgina ciki kamar buhu. Jirgin ya yi tangal-tangal, ya gyara, ruwa ya ja su.

"Fita!" in ji Dalhatu.

"In fita ina? Ka ga ƙasa?"

"Wa ya ce ka shigo? Fita, na ce!"

"Jirgina ne, ni na gyara. Juya mu."

Dalhatu ya kawar da kai. Lado ya fizge filafilin ya shiga dukan ruwa, jirgin ya yi ta juyawa wuri ɗaya kamar akuya a turke, gurbin kuwa sai matsowa yake. Can ya ji sanyi a tafin ƙafa. Ya duba. Kowace huda da ya yi da ƙusa tana tsartuwa, siri-siri. Kitsen ya gudu tun a hanya. Ya danna fatar da yatsa, wadda da safe take ƙau, ya ji ta fara laushi kamar ganda a tukunya.

Hajo tana gudu a bakin gaɓa tana kiran "Baba! Baba!", ba mai jin ta sai tsuntsaye.

"Ka sani," in ji Lado.

"Na gaya maka."

"Ka gaya mini da bakin wasa!"

"Da wane bakin zan gaya maka? Shi kaɗai gare mu."

Ruwa ya rufe idon sawu. Lado ya cire hula yana kwasa, yana zubar da ɗaya biyu na shigowa.

"Dalhatu, ka ji tsoron Allah."

"Ban ce zan kashe kaina ba. Jirgi na shiga. Ruwan nan shi ya raine ni. In ya karɓe ni, ya fi 'yata ta riƙa kai ni bayan gida a gidan suruki."

"To, madalla. Ni ban iya iyo ba, ka sani. In ya karɓe ka, da ni zai haɗa. Gobe ƙiyama sai ka yi bayanin barunje ɗaya da ka tafi da shi."

Wani ɗinki ya saki a goshin jirgin, ɓas, tsagar ta buɗe baki. Lado ya ajiye hular. Ya ɗora filafilin a cinyar Dalhatu, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Wannan shi ne ciniki mafi tsada da ya taɓa yi, kuma ya san wanda ya fara magana shi ya faɗi. Ruwan ya kai ƙwauri. Ƙasan jirgin ya yi baƙi, sun shiga gurbin.

"Allah ya isa tsakanina da Rundawa," in ji Dalhatu. "Zauna ƙasa, jaki! Ƙasa, ba kan allo ba! Tuɓe rigar. Kana da wuƙa?"

"Ka taɓa ganin mahauci ba wuƙa?"

"Keta ta. Cusa a tsagar da bayan wuƙar, ba kaifin ba. Danna! Kamar kana ɗura hanji."

Lado ya keta rigar shaddarsa yana cusawa. Dalhatu ya soke kan filafilin a hammata, ya danne da haɓa, ya riƙe da hagu. Bai yi tuƙi ba, ba shi da ƙarfin yi. Ya dai karkata shi cikin ruwa, sai hancin jirgin ya juya a hankali.

"Ba can ne gaɓa ba!" in ji Lado.

"Rufe baki ka kwashe ruwa. Ba a gardama da kogi. Akwai tudun yashi bayan kwanar can, in bai tashi ba."

"In ya tashi fa?"

"Sai ka sha romon aikinka."

Jirgin ya yi nauyi, gefensa saura ɗan yatsa ya haɗu da ruwa. Filafilin ya suɓuce, Dalhatu ya tare shi da gwiwa, ya sake sokewa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Lado na kwasa yana salati, yana haɗa na farko da na ƙarshe. Suka sha kwanar. Ruwan ya fara sauya launi, baƙi ya koma ja. Sai jirgin ya nisa kamar sa in an kwantar da shi, ruwa ya zubo ta ko'ina, ya tafi ƙasa da su.

Lado ya yi ihu, ya miƙe, sai ya ji yashi a ƙafarsa. Ruwan iya cibiya. Farar riga na yawo a gabansa. Ya damƙo ta, ya ɗago Dalhatu yana tari, ya saɓa shi a kafaɗa yadda yake saɓa cinyar sa, ya taka har tudu. Suka zube a yashi suna haki.

Hajo ta iso, ƙaya ta yayyage mata zane, Baƙo na biye.

"Me ya faru? Baba, me ya sa ka yi nisa haka?"

Dalhatu ya dubi Lado. Lado ya matse ruwa daga gemunsa.

"Ɗinkina ne, 'yata. Ni na ce mu shiga tsakiya in nuna masa aiki. Ba don ubanki ba da yanzu ana nemana da ƙugiya." Ya juya wajen Baƙo. "Nemo mutane a jawo jirgin nan. Paraku za ka kai shi, da shi da mai shi. Ɗakin zaurena ba kowa."

"Haba, Baba Lado!" in ji Hajo. "Mutumin da ba ya iya tashi? Me mutane za su ce da ni?"

Lado ya kalli Dalhatu, ido cikin ido, yana jira. Tsohon ya daɗe yana duban inda hancin jirgin ya ɗan leƙo daga ruwa, tsumman shadda na reto a jiki.

"Bar shi ya kai ni, Hajo," ya ce. "In ba na zaune a kansa, wani ƙirgin zai sake yankowa. Wata rana sai ya kashe mutum."