Layin da Aulikki Ba Ta Rubuta Ba

"Zare ta," in ji Reijo.

Aulikki Rautio ta durƙusa bayan tebur, gwiwarta na ƙara, ta zare wayar kwamfutar gwajin daga bango. Fankar ta lafa. Su uku suka zuba wa allon ɗaya kwamfutar ido: ita, da manajanta Reijo, da Marjukka, matar da aka ɗauko daga Helsinki ta auna ingancin littafin bayanin manhajarsu.

Shekara goma sha tara ke nan Aulikki na rubuta littafin nan. Aikin manhajar shi ne gadin manyan kwamfutocin da asibitoci da kamfanoni ke ajiye bayanansu. In ɗaya ta yi zafi ko ta cika, sai ta buga ƙararrawa. A da mutane ke karanta littafin. Yanzu abokan ciniki sun miƙa gadin ga ƙirƙirarriyar basira, wani wakili da ba ya barci, ba ya shan kofi, bai kuma san komai ba sai abin da aka rubuta masa. Tun ranar Litinin Reijo ya faɗa mata sunanta na cikin waɗanda za a iya ragewa, gwajin yau ne zai raba gardama.

Minti goma suka wuce, sannan wakilin ya rubuta: Babu ƙararrawa. Komai lafiya.

"Gawa ce fa a gabansa, yana cewa lafiya," in ji Marjukka. Ta buɗe shafi na arba'in da ɗaya. "Kuma ba laifinsa ba ne. Ga shi ke kika rubuta: idan babu ƙararrawa, babu matsala."

"Haba! Ai kowa ya san matacciyar na'ura ba ta ihu."

"Kowa wa?"

"Masu gadi mana. In allo ya yi tsit, sai su kira ni."

"Shi wannan ba shi da lambarki."

Aulikki ta ji kunya har cikin ƙashinta. Ba mantuwa ba ce. Ta san da giɓin nan a littafin tun shekaru, ta bar shi, domin kiran da ake yi mata sau goma a mako shi ke tuna wa kamfani tana nan.

Ƙarfe biyu aka tafi shan kofi. A waje dusar ƙanƙarar ta narke ta zama caɓi, har an kunna fitilun titi, don duhun hunturu da wuri yake shiga. Reijo ya gutsura burodi mai kirfa ya tura mata rabi. A shekara ɗaya aka ɗauke su aiki su biyun.

"Ci, tsohuwa."

"Wa ke magana? Mai sanƙo." Ba ta taɓa burodin ba. "Faɗa mini gaskiya, Reijo. In littafin ya faɗi?"

"Su ce marubuciyar ba ta iya ba."

"In ya ci fa?"

Ya hau juya cokali a kofin da bai sa wa sukari ba.

Gaba kura, baya sayaki. Amma ta lissafa: in ta yi gardama, ta ce gyaran sai an yi nazari, za ta iya jan wata shida, wataƙila har bazara. Tana da shekara hamsin da takwas, wa zai ɗauke ta aiki a nan garin Tampere?

"Ilpo bai kira ni ba kwana biyu," ta ce. Ilpo ne mai gadin kwamfutocin wani asibiti can arewa, sarkin kira, sarkin mita.

"An sallame shi tun watan jiya. Wakili ke gadi a can yanzu."

"Da wane littafi?"

"Da naki mana."

Ta ajiye kofin, ta koma teburinta. Layi biyu kacal ta ƙara a littafin: Idan na'ura ta yi shiru minti biyar, kada ka ɗauka lafiya take. Ka ɗauka ta mutu, ka tayar da mutum. Ko minti ɗaya rubutun bai ci ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Aka sake gwajin, ita ta sake durƙusawa ta zare wayar. Minti biyar cif, allon ya yi ja.

"Madalla," in ji Marjukka, tana tattara takardunta don kada jirgin ƙasa ya bar ta. "Yanzu littafin ya tsaya da ƙafarsa. Ba ya buƙatar kowa."

Da Marjukka ta fita, Reijo ya tsaya bakin ƙofa yana kallon takalminsa.

"Wayar kiran gaggawa, ki bar ta a tebur," ya ce. Ya yi gyaran murya. "Ranar Juma'a kuma... kin san al'ada, mai barin aiki ke kawo kek."

Aulikki ta ciro wayar daga aljihu ta duba. Babu kira ko ɗaya. Ta ajiye ta.

"Mai kirim ko mai tuffa?" ta ce.